Na kwana ina karatu, da na shiga jarrabawa ya gudu: ƙwaƙwalwata ce ta samu matsala?

Wani ɗalibi da ke aji biyu a jami'a ya aiko mini da tambaya mai ɗan tsawo. A taƙaice, cewa ya yi duk lokacin jarrabawa kwana yake yi yana karatu, ya bi takardunsa sau uku sau huɗu har ya ji ya riƙe komai, amma da zarar an ajiye masa takardar tambayoyi sai kansa ya koma kamar allon da aka wanke. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne kakansa. Alaramma ne da ya haura saba'in, yana jan izu sittin da ka babu gargada, alhali kusan kullum sai an taya shi neman carbinsa da tabarau ɗinsa. Ya ce abokai sun ba shi shawarar ya sayi maganin ƙara kaifin ƙwaƙwalwa, yana so ya ji ko akwai wanda zan ce ya sha.

Ɗana, ka kwantar da hankalinka. Na daɗe ina koyar da ilimin halayyar ɗan Adam, kuma babu zangon karatun da zai wuce ban ji wannan koken daga bakin ɗalibai ba. Abin da ka kwatanta shi ne ainihin abin da lafiyayyar ƙwaƙwalwa take yi idan aka yi mata irin karatun da kake yi. Amsar tambayarka kuwa tana cikin gidanku, a wurin wannan kakan naka, domin hanyar da aka bi aka dasa masa Alƙur'ani ta dace ƙwarai da abin da masu bincike suka gano cikin shekara ɗari da 'yan kai.

Abu ba ya zama a ƙwaƙwalwa sai ya fara shiga, ƙofar shigar kuwa ƙarama ce. Akwai wani sashe na tunani da muke riƙe abu a cikinsa na 'yan daƙiƙoƙi muna aiki da shi, kamar lokacin da aka faɗa maka lambar waya kana laluben biro. Ni ina kwatanta shi da faifai: a kansa ake tsince hatsi kafin a zuba a tukunya, amma ba ya ɗaukar buhu. A 1956 George Miller ya ce faifan nan yana ɗaukar abubuwa kamar bakwai, a ƙara biyu ko a rage biyu. Daga baya, a 2001, Nelson Cowan ya nuna cewa idan aka hana mutum dabarar maimaitawa da dunƙulawa, abin bai wuce kamar huɗu ba. Shi ya sa lambar wayarmu mai lambobi 11 ba wanda yake faɗinta a dunƙule, sai an kasa ta huɗu, uku, huɗu. Sannan abin da ke kan faifan ba ya daɗewa. A 1959 Lloyd Peterson da Margaret Peterson sun riƙa ba mutane haruffa uku kacal, sai su sa su ƙirga lambobi da baya da baya don kada su samu damar maimaitawa. Bayan daƙiƙa 18, kusan sau ɗaya cikin goma ne kawai ake tuna haruffan daidai. To ka duba yadda kake karatu: waya a gefen takarda, saƙo ya shigo ka leƙa, ka dawo. Duk leƙawar nan kifar da faifan kake yi. Da yawa daga abin da muke cewa mun manta, tun farko bai shiga ba. Carbin kakanka ma yawanci haka ne, ya ajiye shi hankalinsa na kan baƙon da ya yi sallama.

Wanda ya fara auna mantuwa da lissafi wani Bajamushe ne, Hermann Ebbinghaus, wanda ya fitar da sakamakon aikinsa a 1885. Kansa ya mayar abin gwaji. Ya ƙirƙiri gaɓoɓi marasa ma'ana, ya riƙa jera su yana haddacewa, sai ya bari a ɗauki lokaci ya dawo ya ga ƙoƙari nawa zai sake yi kafin su zauna, ya kwatanta da na farko. Abin da ya saura masa bayan minti 20 kashi 58 ne cikin 100. Bayan awa ɗaya ya koma 44, bayan kwana ɗaya kamar 34, bayan wata guda 21. Ka lura da yanayin zubewar: mafi yawan asarar a sa'o'in farko take, daga nan sai ta lafa, abin da ya tsira ya yi ta tafiya a hankali. Ya kuma gano wani abu da ya fi wannan amfani gare ka. Jerin da ya maimaita sau 68 a zama ɗaya, ya samu kwatankwacin sakamakonsa da maimaici 38 kacal idan ya raba su cikin kwana uku. Kusan rabin wahala ke nan, riba ɗaya. An sake irin wannan gwajin ba adadi, da yara da manya, da lissafi da harsuna, kuma maganar ba ta canza ba: awa shida da aka raba cikin mako biyu ta fi awa shida ta dare ɗaya nesa ba kusa ba.

Amma babban abin da yake cutar da kai, a ganina, shi ne yadda karatun yake yaudararka. Bari in faɗa maka yadda daren yake, domin na sha leƙa azuzuwa a irin wannan lokaci. Ƙarfe biyu na dare, an jiƙa Nescafé mai kauri, wani na tauna goro, wani ya tsoma ƙafafunsa a bokitin ruwan sanyi don kada barci ya sace shi. Ka buɗe takardar malami a karo na uku. Idonka na sauka a kan layi, zuciyarka na cewa "na san wannan", sai ka wuce. Shafi na gaba ma haka. Kafin asuba ka gama, ka rufe da jin cewa komai na hannunka. Abin da ka ji ɗin nan sabawa ce, irin wadda kake ji idan ka haɗu da mutum a kasuwa ka san fuskarsa sarai amma sunansa ya ƙi zuwa. Gane abu idan yana gabanka aiki ne mai sauƙi ga ƙwaƙwalwa. Ciro shi daga ciki alhali ba ya gabanka wani aiki ne daban, kuma shi jarrabawa take nema. Ruwan yana cikin rijiya, sai dai duk daren nan leƙa rijiyar ka yi ta yi, ba ka taɓa zura guga ba.

A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, a wata jami'a da ke birnin St. Louis na Amurka, sun gwada wannan a fili. Sun ba ɗalibai gajeren rubutu. Rukuni ɗaya suka yi zama huɗu suna karantawa suna sake karantawa, har suka bi rubutun kamar sau 14. Wani rukunin zama ɗaya kawai suka yi na karatu, sun bi shi sau uku da ɗoriya, sauran zama ukun aka karɓe takardar aka ce su rubuta duk abin da suka tuna, ba tare da an gyara musu ba. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba, kashi 83 da 71. Da aka dawo bayan mako guda sai abin ya juye: masu maimaita karatu sun faɗo zuwa 40, masu rubutawa da ka suna da 61. Abin da ya fi taɓa ni a wannan binciken shi ne, da aka tambaye su tun farko yadda suke ganin za su tuna, waɗanda suka fi sakankancewa su ne masu maimaita karatun. Hanyar da ta fi daɗi a zuciya ita ce ta fi zubar da kaya. Ita kuwa hanyar da mutum yake ta kokawa yana jin kamar bai iya ba, wannan kokawar ce take ƙulla abin.

Yanzu mu je wurin alaramma. Ka same shi bayan la'asar ka tambaye shi yadda aka yi masa karatu, za ka ji abin da na faɗa maka cikin wani yare. Yaro a tsangaya ba a ba shi izu guda ya kwana a kai. Ɗan kaɗan ake rubuta masa a allo, malam ya biya masa, ya koma gefe ya yi ta karantawa da ƙarfi, bakinsa na faɗa, kunnensa na ji, idonsa na bin tawada. Ba za a yi masa ƙari ba sai ya zo gaban malam ya kawo karatun. Sannan a wanke allon. Ka tsaya a kan wannan wankewar, domin a nan hikimar take: abin da zai leƙa ya tafi, daga yau idan yana son ayar sai dai ya jawo ta daga kansa. Ga kuma tishi, wato komawa kan karatun baya, da asuba da kuma dare a bakin wuta, ta yadda abin da aka haddace makon jiya da watan jiya ba a barinsa ya huce. Idan ya girma ya kai matakin gardi, zai riƙa rubuta karatun a allo da ka, ya kai gaban malamai su duba wasali da ɗigo su gyara. Ba a kiran mutum alaramma a tsarin tsangaya sai ya haddace ya kuma rubuta Alƙur'ani da ka. Bayan haka ma tilawa ba ta tsayawa. Na tabbata kakanka yana da adadin da yake karantawa kullum, kuma ya yi shekara hamsin ko fiye yana zagayowa.

Ka lissafa abin da ke ciki: ɗan kaɗan a lokaci guda, daidai faɗin faifai, rarrabawa cikin kwanaki da watanni, jawowa da ka a kullum, gyara nan take idan an yi kuskure, barci tsakanin karatu da karatu. Malaman tsangaya ba su jira ɗakin gwaji ba, sun gano wannan ta hanyar koyar da yara ƙarni bayan ƙarni. Kuma sun san haddar ba ta zama don kanta. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Musa al-Ash'ari ya yi umarni da a riƙa bibiyar Alƙur'ani, domin ya fi raƙuma saurin kuɓucewa daga dabaibayinsu. Idan mahaddaci ya bar tilawa shekara biyu, shi ma zai same ta da ramuka. Saboda haka kada ka ce kakanka an ba shi wata irin ƙwaƙwalwa da aka hana ka. Baiwa tana nan, mutane sun bambanta, ban musa ba. Amma abin da kake gani a bakinsa yau da gobe ce, wadda Hausawa suka ce tana sa allura ginin rijiya. Kai kuma kana son abin da ka gani daren jiya ya yi irin wannan zaman.

Akwai binciken da ya nuna cewa abin da aka koya da kyau yana kai wa wani matsayi da mantuwa ba ta cin sa sosai. A 1984 Harry Bahrick ya gwada mutum sama da 700 da suka koyi Sifaniyanci a makaranta, wasu shekara 50 da suka wuce, yawancinsu ba su ci gaba da amfani da harshen ba. Sun yi asara a shekaru uku zuwa shida na farko, daga nan abin da ya saura ya tsaya cak na kusan shekara 25 ko 30. Waɗanda suka fi zurfafa karatun tun farko su ne suka fi tsira da kaso mai yawa.

Wani abin da mahaddata suka sani sarai shi ne ayoyi masu kama da juna. Mutum na cikin jan wata sura, sai ya iso gaɓar da ta yi kama da ta wata surar, ya tsinci kansa a can. Mu a fanninmu muna kiran wannan katsalandan: abubuwa masu kama suna hawa kan juna. Kai ma idan ka karanta darussa biyu masu kama a dare ɗaya, haka za su cakuɗe. Maganinsa irin na gwanaye ne, ka ajiye su gefe da gefe ka nemo daidai inda suka rabu.

To me ya sa mai izu sittin yake ɓatar da carbi? Saboda tunawa ba abu ɗaya ba ce, kuma mun san haka ne ta dalilin wani bawan Allah da ya sha wahala. Sunansa Henry Molaison, amma har ya mutu a 2008 da haruffa biyu aka san shi a littattafai, H.M. Farfaɗiya ce ta addabe shi tun yana yaro. A 1953, yana da shekara 27, wani likita mai suna William Scoville ya yi masa tiyata a birnin Hartford na Amurka, ya cire wani yanki na ƙwaƙwalwarsa dama da hagu. A cikin abin da aka cire akwai mafi yawan wani ɗan sashe mai lanƙwasa da ke can ciki daidai saitin kunne, ana kiransa hifokamfus. Farfaɗiyar ta yi sauƙi. Hankalinsa na nan, maganarsa na nan, ya san sunansa, yana tuna abubuwan ƙuruciyarsa. Amma daga ranar, sabon abu ya daina zama. Za ka yi hira da shi, ka fita na 'yan mintoci, ka dawo ya karɓe ka a matsayin baƙo. Brenda Milner, wadda ta yi ta zuwa daga Kanada tana nazarinsa, sai ta sake gabatar da kanta duk zuwa.

Milner ta ba shi wani aiki: ya bi zanen tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta madubi kawai. Aiki ne mai wuya, domin hannu yana tafiya akasin abin da ido ke gani. Ya yi kwana uku yana yi, kullum yana ƙara ƙwarewa kamar kowa, amma kullum sai ya ce bai taɓa ganin wannan aikin ba. Hannunsa ya koya, shi bai san ya koya ba. Daga nan aka fahimci cewa iya aiki, irin tuƙa keke ko ɗinki ko saƙa, yana da hanyarsa daban a ƙwaƙwalwa. Daga baya, a 1972, Endel Tulving ya ƙara rabe tsakanin tuna abin da ya faru da kai a wani wuri a wani lokaci, da sanin abu kawai, kamar sanin cewa Yamai ce babban birnin Nijar ba tare da ka tuna ranar da aka faɗa maka ba. Inda aka ajiye carbi yau da safe na cikin nau'in farko, abu ne da ya faru sau ɗaya, kuma shi ne nau'in da tsufa ya fi saurin taɓawa. Karatun kakanka kuwa ya daɗe da barin hannun hifokamfus, ya bazu ya kafu a sauran sassan ƙwaƙwalwa, har harshe da leɓe sun ɗauki rabonsu.

Wannan ƙaurar daga ma'ajiyar wucin gadi, wato hifokamfus, zuwa mazauni na dindindin, kaso mai yawa nata cikin barci take faruwa. A nan ne karatun kwana yake yi maka ɓarna ta biyu. Tun 1924 John Jenkins da Karl Dallenbach suka sa ɗalibai biyu haddace gaɓoɓi goma-goma, wani lokaci su kwanta, wani lokaci su ci gaba da harkokinsu. Bayan awa takwas na barci sukan tuna fiye da rabi, bayan awa takwas a farke da ƙyar ɗaya take saura. Binciken da aka yi daga baya a kan ɓeraye ya nuna ƙwayoyin hifokamfus suna sake kunna tsarin abin da dabbar ta yi da rana yayin da take barci mai nauyi, tamkar tishi. Ƙwaƙwalwa na da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma koyo yana nufin ƙarfafa mahaɗar da ke tsakaninsu, aikin da yake buƙatar lokaci da hutu. Idan ka hana kanka barci ka hana karatun zama, sannan ka shiga ɗakin jarrabawa da faifan da ya ƙara ƙanƙancewa saboda gajiya.

Sai tsoro ya zo ya cika sauran wurin. Ka duba tambaya ta farko ba ta zo ba, gabanka ya faɗi, tunanin "na faɗi, me zan ce a gida" ya hau faifan ya zauna. Sinadaran tashin hankali irin su kotizol suna ƙara toshe hanyar jawo abin da aka sani. Shi ya sa kana fitowa, kana tsaye a bakin ƙofa, amsar take faɗo maka. Da ma tana nan. Idan haka ta same ka, ka ajiye biro, ka ja numfashi a hankali, ka yi addu'arka, ka nemi tambayar da ta fi maka sauƙi ka fara da ita. Abu ɗaya da ka tuna yakan jawo ɗan'uwansa.

A nan dole in yi maka togiya guda, kada ka ɗauka cewa nake yi ka haddace takardun malamanka kalma da kalma. Alƙur'ani lafazinsa ake kiyayewa, harafi ba ya canzawa, don haka hanyarsa ta dace da shi. Karatun jami'a ma'ana ake nema, kuma ma'ana ita ce babbar ƙugiyar da tunani yake rataya a kai. A 1973 William Chase da Herbert Simon sun nuna wa 'yan wasan ces, wato darar Turawa, allon wasa na daƙiƙa biyar, aka ce su mayar da 'ya'yan inda suke. Idan tsarin daga wasa na gaske aka ɗauko shi, gwani yana yi wa sabon shiga fintinkau. Idan kuwa watsa 'ya'yan aka yi barkatai, fifikon gwanin kusan ɓacewa yake yi. Ashe abin da yake riƙewa ma'anar tsarin ce. Haka mahauci yake kallon sa ya faɗi abin da zai fitar, haka makanike yake jin ƙarar inji ya san inda ciwon yake. Duk abin da ka fahimci dalilinsa, ka ɗaura shi da wani abu da ka riga ka sani, ya samu igiyoyi da yawa da za a jawo shi da su. Abin da ka haɗiye ba fahimta igiya ɗaya gare shi, malami na juya tambayar ta tsinke.

Akwai wani ɓangaren da ba ka tambaya ba amma ba zan iya tsallake shi ba, saboda ya shafi zaman mutane. Tunawa ba ɗauko hoto ba ne, sake ginawa ne, kuma wurin ginin ana cike gurbi da abin da ya yi kama da gaskiya. Akwai gwajin da nake yi wa ɗalibaina a aji. Sai in karanta musu kalmomi a hankali: gado, matashi, dare, mafarki, minshari, gyangyaɗi, bargo, hamma, tabarma, gajiya, farkawa. In ɗan ja su da wata magana, sannan in ce kowa ya rubuta abin da ya ji. Idan na tambaya wa ya rubuta "barci", hannaye da yawa suke tashi. Ban faɗi kalmar ba. Wata ɗaliba ta taɓa tsayawa a kan cewa ta ji ta da kunnenta, har tana nuna mini wajen da ta zo a jerin, sai da na miƙa mata takardar ta duba da kanta, ta yi shiru tana juya ta. Ba ƙarya take yi ba. Ƙwaƙwalwarta ce ta ga duk kalmomin suna nuni wuri ɗaya ta cike gurbin.

Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna a 1974 cewa ko kalmar da aka yi tambaya da ita tana canza abin da mutum yake tunawa. Sun nuna wa mutane fim ɗin haɗarin mota. Waɗanda aka tambaya gudun motocin lokacin da suka "ragargaji" juna sun ce mil 40 da ɗoriya a awa, waɗanda aka ce musu motocin sun "taɓa" juna suka ce kusan 32. A gwaji na biyu, bayan mako guda aka tambaya ko an ga fasasshen gilashi. Babu shi a fim ɗin. Cikin mutum 50 da aka yi wa tambaya da kalma mai zafi, 16 suka ce sun gani, a rukunin da aka yi wa da kalma mai sauƙi kuwa 7. Malaman hadisi sun riga mu sanin wannan. Ba su wadatu da cewa mai ruwaya mutumin kirki ne mai gaskiya ba, sai sun binciki kiyayewarsa daban, sun kuma rabe tsakanin mai kiyayewa a ƙirji da mai kiyayewa a littafi, har suna lura da wanda haddarsa ta rikice a ƙarshen rayuwarsa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni take yi da a rubuta bashi. Rigingimu nawa ne na gado da filaye da kuɗin adashi da kowane ɓangare yake rantsuwa da zuciya ɗaya, alhali tunaninsu ne ya saɓa? Ina so mutanenmu su san cewa ƙarfin yaƙinin mutum a kan abin da ya tuna ba hujja ba ne cewa haka abin ya faru, kuma wanda ya tuna ba daidai ba, ba lallai ne maƙaryaci ba.

Batun magani kuwa, ba zan ce ka sha komai ba. Ga matashi mai lafiya, babu ƙwayar da aka tabbatar tana yin abin da rarraba karatu da gwada kai da barci suke yi. Ina kuma roƙonka ka nisanci duk abin da aboki zai miƙo maka don ka kwana ido biyu. Taramol, kodin, da ƙwayoyin sa barci irin su diyazefam suna lalata riƙe sabon abu, ban da jarabar da suke jefa mutum ciki. Akwai dai lalurorin da suke kawo mantuwa ta gaske: ciwon damuwa mai tsanani, ƙarancin jini, ƙarancin bitamin B12, matsalar ƙullutun maƙogwaro, farfaɗiya, ko buguwa a ka. Idan mantuwarka ta wuce karatu ta shiga harkokin yau da kullum, ko kana fama da baƙin ciki da rashin barci na makonni, ka ga likita a duba ka.

In ba haka ba, ga abin da zan so ka fara daga gobe. Duk laccar da aka yi, a daren ranar ka rufe littafi ka ɗauki farar takarda ka rubuta abin da ka tuna, ko da layi biyar ne. Sannan ka buɗe ka ga abin da ya tsere, ka gyara da jan biro. Minti goma sha biyar ya isa. Ka sake yin haka bayan kwana biyu ko uku, sannan bayan mako, sannan bayan wata. Za ka ji nauyi, za ka ji kamar ba ka san komai ba, kada wannan ya karya maka gwiwa, alamar aikin na ci ne. Ka nemi tambayoyin shekarun baya ka amsa su da agogo a gabanka. Ka samu aboki ɗaya ku riƙa yi wa juna tambaya, ko ka zaunar da ƙaninka ka bayyana masa darasin da Hausa, domin duk inda bayaninka ya tsaya nan ne ramin yake. Wayar ta kwana a wani ɗaki lokacin karatu. Daren jarrabawa ka yi bita kaɗan ka kwanta da wuri.

Shi kuwa alaramma, neman carbi da tabarau ba abin damuwa ba ne a shekarunsa, a samar musu wuri ɗaya da za a riƙa ajiye su. Abin da za ku sa wa ido shi ne idan ya fara maimaita tambaya ɗaya sau da yawa a zama guda, ko ya ɓata a hanyar masallacin da ya saba, ko ya rikice a lissafin kuɗin da ya saba yi, ko ya kasa gane na kusa da shi, ko halinsa ya sauya. Kada kyawun tilawarsa ya sa ku yi sakaci, domin tsohuwar hadda takan daɗe ba ta taɓu ba ko da ciwon ya fara. Kada kuma a ce gigin tsufa ne kawai a zauna. Wasu abubuwan da ke kawo rikicewa ga tsofaffi suna da magani, kuma hawan jini da ciwon suga da ba a kula da su ba suna cin ƙwaƙwalwa a hankali. Idan kun ga irin waɗannan alamu ku kai shi asibiti, a auna jininsa da sugansa, wanda ya fi zama tare da shi ya raka shi don ya faɗa wa likita lokacin da abin ya fara. Ka gaishe mini da shi, ka ce ya sa mu a addu'a.